Yarinyar da Ta Kankare Faifai

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai zafin nama. Kafin a ce mata yi, ta gama. Ba ta da ƙiwa, ba ta da rowa. Aibinta ɗaya ne, ba ta tambaya.

Tana da ƙane ɗan shekara huɗu, kowa Auta yake ce masa. Wata rana Auta ya faɗo daga matattakala, ya karye a ƙafa. Aka kai shi asibiti, aka ɗaure ƙafar da filasta tun daga cinya har yatsu.

Likita ya ce wa Mama, "Sati shida kada ya taka ƙafar nan. In ya taka, ƙashin zai haɗe a karkace."

Sati shida! Yaron da ko minti shida ba ya iya yi a wuri ɗaya.

Abu ɗaya ne ke zaunar da Auta, wani faifan fim na katun. Labarin wani ɗan kunkuru ne mai aikin kashe gobara. Kullum sai an gama kashe wuta yake isowa da bokitinsa yana haki. Auta ya kalli fim ɗin ya fi sau ɗari, amma duk sanda kunkuru ya iso sai ya yi dariya har da hawaye.

Baba ya jawo talabijin da na'urar faifai zuwa gaban gadon Auta. In fim na tafiya, yaro na kwance lafiya lau. In ya tsaya, sai ya fara jan jiki zai sauko.

To, faifan ya tsufa. Ya sha hannu, ya sha faɗuwa. A sati na biyu ya fara cijewa. Kunkuru zai ɗaga ƙafa, sai ya tsaya cak kamar an dasa shi.

"Yaya, ya tsaya! Ki ce masa ya tafi!" in ji Auta.

Yarinyar ta ciro faifan, ta hura masa iska, ta goge da tsumma, ta mayar. Ya tafi. Amma hankalinta bai kwanta ba. In ya mutu gaba ɗaya fa? Saura sati huɗu.

Sai dabara ta faɗo mata. Ta taɓa ganin malamin kwamfuta na makarantarsu yana kwafe darasi daga wani faifai zuwa wani. Ai ita ma za ta iya. In akwai biyu, ɗaya ya mutu, ga ɗaya.

Ran Asabar da rana Baba na wurin aiki, Auta ya yi barci, Mama na kicin. Yarinyar ta buɗe kwamfutar Baba, wadda take yin aikin gida a kanta. Ta ɗauko sabon faifai a durowa. Ta sa na kunkuru, ta danna inda ta ga Malam na dannawa.

Kwamfuta ta yi ɗan gurnani, sai ta rubuto: "Wannan faifan a kulle yake. Ba za a iya kwafarsa ba."

Ta sake dannawa. Amsar ɗaya ce. Ta sake. Haka dai.

"A kulle? To ina kullen yake?"

Mama na nan, taku goma tsakaninsu. Baba kuma da yamma zai dawo. Amma ina! Ba ta tambayi kowa ba.

Ta kai faifan bakin taga, ta juya shi, ta ƙura masa ido. Can kusa da ramin tsakiya ta ga wani siririn zobe, da 'yan mitsi-mitsin haruffa da lambobi kewaye da shi.

"Yauwa! Ga ka nan, ɗan ɓuya. Yau sai na cire ka."

Ta sa farce, bai fita ba. Ta sa bakin cokali, bai fita ba. Sai ta lallaɓa bakin famfo, ta ɗauko soson ƙarfe na wanke tukwane. Ta dirje zoben. Soso ya zame ya bi ta kan faifan. Ta ce a ranta, ai gara ma a wanke shi duka, ko ya daina cijewa. Ta dirje shi tas, ciki da baya, ta shanya a kan tawul.

Da ya bushe ta mayar cikin kwamfuta. Ta jira. Ba a rubuto maganar kulle ba.

Ta yi tsalle. "Na buɗe shi!"

Sai dai ba a rubuto komai ba ma. Kwamfuta ta juya faifan, ta juya, ta turo shi waje. Yarinyar ta ɗauki faifan. Ta ruga ɗakin Auta da sanɗa, ta sa a na'ura. Talabijin ya yi shuɗi, ya rubuto: "Babu faifai."

Daidai nan Auta ya farka.

"Yaya, sa mini kunkuruna."

"Yana... yana hutawa."

"Ƙarya ne! Kunkuru ba ya hutawa, gobara yake zuwa!"

Ya fasa kuka. Ya yaye bargo, ya jawo ƙafar mai filasta zuwa bakin gado. Shi zai je ya gyara da kansa. Saura ƙiris ƙafar ta taɓa ƙasa, Mama ta shigo da gudu da ludayi a hannu, ta cafe shi.

"Kai! So kake ka gurgunce?"

Ta mayar da shi, ta danne shi da hannu ɗaya. Ta ciro faifan da ɗaya hannun, ta duba. Duk ya kakkarce, ya yi fari-fari kamar gindin tsohuwar tukunya.

"Wannan ba aikin na'ura ba ne," in ji Mama. "Aikin hannu ne. Hannun wa?"

Yarinyar ta so ta ce ba ta sani ba. Maganar ta zo har bakinta. Sai ta dubi Auta yana shessheƙa, ta kasa.

"Ni ce, Mama. Kullen na so in cire, in yi masa na biyu."

"Da me?"

"Da soson ƙarfe."

Mama ta zauna a bakin gado. Ta dubi yarinyar.

"Ina kicin fa. Bakinki ciwo yake yi da ba za ki tambaye ni ba?"

Da Baba ya dawo aka gaya masa. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga hannu ba. Ya juya ya fita, ya zaga shaguna uku. Duk suka ce fim ɗin tsoho ne, ba su da shi. Ya dawo ya kira ta.

"Na san don ƙanenki kika yi. Wannan na yaba. Amma kin ga inda ya kai mu. Daga yau, in kin dawo makaranta babu fita wasa. Ke ce talabijin ɗinsa. In ƙafar nan ta taɓa ƙasa, ke zan tambaya."

"To, Baba."

"Ran Litinin kuma ki kai wa malaminku faifan. Ki gaya masa abin da kika yi da bakinki, ki ji ko yana gyaruwa."

Wannan ya fi mata bulala zafi.

Ran Litinin ta jira har 'yan aji suka fita tara. Ta shiga ɗakin kwamfuta, ta miƙa faifan, kanta a ƙasa. Malam ya ɗaga shi sama, ya gyara tabarau.

"Ikon Allah! Miya aka dafa a ciki?"

Ta ba shi labari duka. Malam ya danne dariyarsa, don ya ga idonta ya ciko.

"Zauna, 'yata. Wannan kam ya tafi, ba ya gyaruwa. Ƙaramin karce ana iya gogewa, amma ke noma kika yi a kansa. Zoben da kika gani ba kulle ba ne, lambar masana'anta ce kawai."

"To ina kullen yake, Malam?"

"Ba a ganinsa da ido. Yana cikin rubutun fim ɗin ne. Masu fim sun cakuɗa rubutun, yadda sai na'urar kallo ce ke iya warware shi. Ko shekara za ki yi kina dirza, ba za ki same shi ba."

Sai ta ce, "Amma Malam, faifan namu ne fa. Ba sata zan yi ba. Ajiya kawai na so in yi."

"Na yarda. Tambayarki kuma mai kyau ce, manya ma suna gardama a kanta. Mutane da yawa ne suka sha wahala kafin fim ya fito, masu zane, masu murya, masu kiɗa. Suna tsoron wani ya kwafe dubu ya sayar, su tashi a banza. Shi ya sa suka kulle. Kullen kuwa bai san mai ajiya ba, bai san ɓarawo ba, kowa hana shi yake yi. A wurare da yawa ma doka ta hana a fasa shi. Don haka irin wannan faifan, kula da shi ita ce ajiyarsa. A riƙe shi ta gefe, a mayar da shi gidansa in an gama."

"Ke nan ba a kwafar komai?"

"Ana yi mana. Abin da kuka ɗauka da kanku a gida naku ne, babu kulle a kansa. Shi ne ma ya fi cancanta a yi masa na biyu, don ba a sayar da shi a kowane shago. Kuna da irinsu?"

"Ban sani ba."

"To, me za ki yi?"

Ta ɗan yi murmushi. "Zan tambaya."

Amma da ta koma gida, aiki ne ke jiranta. Auta ya ƙi cin abinci, ya juya wa kowa baya. Ta ɗaura murfin tukunya a bayanta da ɗankwali, ta ɗauki bokiti, ta shigo da rarrafe tana haki.

"Ina gobarar? Ina gobarar?"

Auta ya leƙo da ido ɗaya. "Ba haka yake cewa ba. Kuma kin cika sauri."

Ta rage sauri. Ya gyara mata nan, ya gyara mata can, har ya manta yana fushi. Kwana huɗu tana kunkuru. Gwiwoyinta suka yi ja. Tana jin ƙawayenta suna wasa a waje, ba ta leƙa ba. A rana ta biyar Auta ya ce ya gaji da wannan kunkurun, ba na gaske ba ne. Ya fara kallon ƙasa kuma.

Da yamma ta sami Baba yana cire takalmi.

"Baba, in yi tambaya?"

"Yau kuma? Bismillah."

"Muna da faifan da muka ɗauka da kanmu?"

Baba ya hau kujera, ya sauko da wani kwali daga saman kabad. Faifai bakwai ne a ciki, duk ƙura. Biyu har sun fara karcewa. Baba ya girgiza kai.

"Kin ga nawa sakacin. Da sun mutu, shi ke nan."

Suka zauna gaban kwamfuta tare. Kafin ta danna komai sai ta ce, "Nan ne, Baba?" In ya ce e, ta danna. Ba wanda ya ce a kulle yake. Suka kwafe duka bakwai a sababbin faifai, suka kuma ajiye a cikin kwamfuta. Na asalin suka koma kwali.

Suka sa ɗaya a ɗakin Auta. Sai ga wani jariri mai ƙaton ciki, ya kama kujera ya miƙe. Ya yi taku ɗaya, ya yi biyu, ya faɗi daɓas a kan gindinsa.

Auta ya ƙyalƙyale da dariya. "Wane ne wannan ragon?"

"Kai ne," in ji Mama.

"Ba ni ba ne! Ni na iya tafiya!"

"Kai ne mana. Ga kunnuwanka nan kamar faranti," in ji yayarsa.

"A sake sawa!"

Aka sake. Aka kuma sakewa. Ya ga Mama tana masa wanka yana tsala ihu. Ya ga yayarsa ba haƙoran gaba, ya yi ta tsokanarta har sati guda. Faifai bakwai suka riƙe shi a gado, yayarsa na gefe tana canza masa.

Ranar da sati shida suka cika, likita ya yanke filasta. Ya duba hoton ƙashi, ya latsa ƙafar, ya ce, "Ta haɗe sambal. Wa ya iya tsare wannan ɗan ƙiriniyar?"

Mama ta nuna yarinyar. Auta ya sauko a hankali, ya riƙe hannun yayarsa, ya taka har bakin ƙofa.

To, yara, ku ji da kyau. Niyya mai kyau ba ta isa ba, sai an haɗa da sani. In kun ga abu a kulle, kada ku sa ƙarfi, ku tambayi babba dalili. Abin da wasu suka wahala suka yi, ku kula da shi, ku girmama haƙƙinsu. Abin da yake naku kuwa, ku yi masa na biyu tun yana da lafiya.