Hutun da Uwar Miji Ta Tsara

Fotini na zaune a falo tana duba hotunan hotal-hotal a waya, mijinta Stelios yana leƙowa ta kafaɗarta, sai ga mahaifiyarsa Mama Kalliopi ta fito daga kicin kamar an kira ta.

"Wane irin hotal kuma? Ku da kuke da tsibirinku!"

"Mama, hutu muke so, mu biyu kawai," in ji Stelios.

"To ai maganar hutun nake yi. Ku hau jirgin ruwan Talata, mai tafiya a hankali, shi ne ba ya tayar da zuciya. Kada ku ci kifi a bakin tasha, na baƙi ne, ga tsada ga kwana. Kuna sauka ku haura tudu kai tsaye gidan Anthoula, kafin ku sha ko ruwa."

Anthoula! Wa bai san Anthoula ba a dangin nan? Maƙwabciyar gidan Mama ce a tsibiri, wadda tun Stelios yana ɗan makaranta ake tsokanarsa da ita, har yau kuma ba ta yi aure ba. Ita kuwa Fotini 'yar can cikin ƙasa ce, ba ta san teku ba sai da aure ya kawo ta birnin Atens. Ga shekaru sun tura, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Mama ba ta taɓa yi mata gori ba, amma shirun tsohuwar ya fi gorin ciwo.

Suna shiga ɗaki ta juyo masa.

"Ni za ku raina wa hankali? Hutu za ka kai ni ko kallon tsohuwar budurwarka?"

"Haba Fotini! Wace budurwa?"

"Kar ka ce min haba! In an gaji da ni a faɗa min, na san hanyar gidan ubana."

Ya rantse har ya gaji, ta yi kuka har ta gode Allah. Kwanakin da suka biyo baya kuwa babu abin da bai zama shaida a idonta ba. Mama ta shige kicin tana waya ƙasa-ƙasa, Fotini na shigowa ta kashe. Stelios ya yi aski, ta ce don wa? Ya sayi sabuwar riga, ta ce lallai abin ya kankama. Mai zargi dai ko gaisuwa aka yi masa sai ya nemo abin da ke ƙarƙashinta.

Da jirgi ya sauke su a tsibirin ta tsaya cak a tasha.

"Saya min tikitin komawa."

"Don Allah ki rufa min asiri, mutane na kallonmu. Ni ma ban san me Mama take nufi ba."

Ta daɗe tana kallon jirgin. Can ta share hawaye.

"Mu je. Zan gan ta da idona, in ya so komai ya ƙare yau."

Suka haura tudu. A can sama ga gidan Mama an shafe shi da farar ƙasa fes, ƙofa ta sha shuɗin fenti, matan unguwa sun jeru a kan dakali. Anthoula ta fito da ragowar farar ƙasa a hannuwanta, kyakkyawa ce, wannan kam ko Fotini ba ta iya musawa ba. Tana riƙe da wani ƙaton mabuɗin ƙarfe.

Stelios ya miƙa hannu. "Sannu Anthoula, kawo mu shiga, mun gaji."

Ta buge hannun. "Kai a wa? Tun yaushe namiji yake karɓar mabuɗin gida a tsibirin nan? Matsa can!"

Matan suka kwashe da dariya. A tsibirin nan kwalekwale da gona ne rabon ɗa namiji. Gida kuwa daga uwa sai babbar 'yarta, a gaban matan unguwa ake miƙa mabuɗin, in aka miƙa kuma magana ta ƙare. Mama Kalliopi ba ta haifi mace ba, 'ya'yan ƙanwarta sun daɗe da zuba wa gidan ido.

Anthoula ta kamo hannun Fotini ta danƙa mata mabuɗin.

"Inna Kalliopi ta ce a ba 'yarta. Ga shi, ni na sauke nauyi."

Fotini ta ce, "Ni? Ai ban haihu ba. Bayana wa zai gaje shi?"

Wata tsohuwa a kan dakali ta ce, "Mu ma haka muka ce mata, yarinya. Ta ce ita ba jika take ba wa gida ba, ke take ba wa."

Nan Fotini ta durƙushe a bakin ƙofa, kunya ta rufe ta. Da kyar ta iya danna lambar Mama.

"Mama, ki yafe min. Na zata…"

"Na san abin da kika zata, ina da ido. Da na faɗa a Atens, da 'ya'yan ƙanwata sun riga ku hawa jirgi. Bar kukan nan, ki buɗe tagogi gidan ya sha iska."

Ba kowane shiru ne ƙiyayya ba, wasu iyayen ba su iya furta ƙauna da baki ba, sai dai su yi ta. Da Fotini ta bi zuciya ta koma jirgi, da ta bar miji, ta bar gida, ta kuma bar uwar da ba ta san tana da ita ba.