Ƙanƙara Ce, Ba Gishiri Ba

"Barakatu! Fito nan!"

Na fito da sauri. Na tarar da Baba tsaye a tsakar gida riƙe da littafina na waƙoƙin Turanci. Mufida, 'yar ƙanensa, tana bayansa, ta sunkuyar da kai kamar ba ita ta kai tsegumin ba.

"Waƙoƙin soyayya anka ce kuna karanta ma juna, ke da yaron nan na Aliero!"

"Wallahi Baba, karatu ne..."

"Karatu? To daga yau kin gama zuwa ajin nan!"

Hawaye suka zubo mini. Jarrabawa ta matso, ita ce kuma damata ta shiga kwalejin malamai, ga sabuwar jiharmu ta Kebbi tana neman malamai mata ido rufe. Don haka na shiga ajin yamma na masu maimaita jarrabawa a nan Jega. Can na haɗu da Kamaluddeen, ɗan manoman albasa, gwanin lissafi, amma in aka buɗe waƙar Turanci sai gumi ya karyo masa. Ni nake yi masa bayani bayan an tashi. Mufida kuwa ta daɗe tana sonsa, shi ko kallonta bai yi.

Ban taɓa gaya masa ina sonsa ba.

Shi ma bai taɓa furtawa ba... sai dai idanunsa.

Baba ya buɗe shafin da na ninke. "Fassara min wagga."

Na ce, "Wata tsohuwa ce a ƙasar Turawa, tana zaune bakin taga, ƙanƙara na zuba bisa gonarta, tana tuna ƙuruciyarta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"To, zan aika a kira shi. In maganarku ta zo ɗaya, kin tsira."

Na dafe kai. Wayyo ni! Wannan waƙar ce ta fi ba Kamalu wahala!

Washegari bayan la'asar ya iso. Na laɓe bayan ƙofar zaure ina leƙe. Ya durƙusa ya gaida Baba, hularsa har ta jiƙe da gumi.

Baba ya miƙa masa littafin. "Karanta, ka gaya min abin da ta ce da Hausa."

Kamalu ya daɗe yana kallon shafin.

"Baba... wata mata ce. 'Yar kasuwa, ina jin. Buhun gishirinta ya fashe, farin abu ya watsu ko'ina cikin gona, shi ne take kuka."

Fuskar Baba ta murtuke. "Gishiri? Ita ta ce ƙanƙara! Ashe ƙarya kunka shirya min!"

Ban san lokacin da na banka ƙofar ba.

"Haba Kamalu! Sau nawa zan gaya maka ƙanƙara ce? Mawaƙin cewa ya yi *kamar* gishiri! Kamantawa ce! Ina ka ga buhu? Ina ka ga kasuwa? Haka za ka rubuta musu a jarrabawa?"

"Yi haƙuri, Malama," in ji shi, ya ƙara sunkuyar da kai.

Sai na tuna gaban wa nake. Na toshe baki.

Baba ya dube ni, ya dube shi. Kafaɗunsa suka fara motsi, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Lallai wanga karatu ne! Mai karanta waƙar soyayya ba ya shan faɗa haka!" Ya share ƙwalla. "To kai, tsakaninka da Allah, karatun kaɗai ke kawo ka?"

Kamalu ya ɗago kai.

"A'a Baba," Kamalu ya ce a hankali. "Ina sonta. Kunya ce ta hana ni faɗi."

Na zura da gudu cikin gida, na yi karo da Mufida. Ta riƙe hannuna, idonta ya yi ja.

"Yafe min, Barakatu. Na ji komi."

Na rungume ta. Ranar ba ni da wurin ajiye fushi.

Baba ya kafa sharaɗi: a yi jarrabawa tukuna, karatun kuma a zaurensa, yana zaune. Nan ya riƙa sauraron gajerun labaran da muke bita, har yana gardama da mu kan wanda ya fi laifi a ciki.

Sakamako ya fito, na ci da kyau. Kamalu ya tsallake da ƙyar.

Bayan girbin albasa aka ɗaura aure, motoci suka kai ni Aliero ana guɗa. Da mutane suka watse, ya zauna gefena yana murmushi.

"Amaryata, sanyin idona... na rubuta miki waƙa."

"Da Turanci?"

"Allah ya kiyaye! Da Hausa."

Na gyara mayafina, na matso kusa. "To karanta, masoyina. Yau ba zan gyara maka ko kalma ɗaya ba."