Akuyar da Ta Sha Fiziks

A wani gari can an yi wani yaro mai ƙyuyar karatu. Jarrabawar fita sakandare ta matso, Fiziks kuwa ya ƙi zama a kansa. Sai ya ɗauko allo da tawada ya ce wa kakarsa, "Kaka, na gano dabara. Zan rubuta dokokin nan in wanke in sha, in huta."

Tsohuwa ta danne dariya ta ce, "Madalla, mai gidana. Amma rubutun da aka kwafa daga littafi ba ya ci, sai ka rubuta da ka. In kuwa ka sha kuskure, kuskuren ne zai zauna maka a ciki."

Yaro ya tsorata. Ya rufe littafi ya rubuta dokokin motsi, ya duba, ya ga kuskure, ya goge. Ya rubuta na lantarki, ya duba, ya goge. Kullum haka, har ran da allo ya fita tas babu kuskure. Ya wanke a ƙwarya, ya ajiye sai safiyar jarrabawa.

Da safe ya tarar akuya ta shanye, tana lasar baki. Ya tafi makaranta yana hawaye. Amma da aka raba takarda, sai amsoshi suka riƙa zuwa da kansu.

Ya dawo da gudu yana murna. Kaka ta nuna akuya ta ce, "Ita kuwa wannan, tun safe nake yi mata tambayoyi, ba abin da ta sani sai mee!"