Baƙin Bango da Jan Silin

Tana kan tsani da burushi a hannu ya fara ganinta. An ɗauko ta ne ta sabunta tsohon gidan abincin mahaifinsa, inda shi yake aikin kuku, kuma tuni ta shafe bango ɗaya da baƙin fenti.

"Malama, zaman makoki za mu buɗe a nan?"

"Ka jira fitilu," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Da fitilun suka iso, na tagulla ne, ta rataye su ƙasa-ƙasa bisa doguwar kantar lemo mai lanƙwasa. Kujeru kore shar, silin ja wur. Kuku ya daɗe a bakin kicin yana kallo, kuma ta lura ba fitilun kaɗai yake kallo ba. Daga ranar ya riƙa ajiye mata faranti, yana kiranta Mai Fenti.

Mahaifinsa ya dawo daga tafiya, ya ga wurin, ya ji Kuku na son aurenta, ya riƙe baki.

"Shekara talatin ina ciyar da jama'a a nan, kuka mayar mini da wuri haka? Kuma ita za ka kawo mini gida?"

Ya sallame ta, ya ce a mayar da komai fari.

Kwana huɗu ta ƙi ɗaga wayar Kuku, domin wani kafinta ya gaya mata Kukun ne ya sayo farin fentin da hannunsa. A na biyar saƙo ya shigo:

"Mai Fentina, na sayo, ba ƙarya ba ne, Baba ya aike ni. Amma na roƙe shi mako guda kafin a buɗe gwangwani. Ki zo ran Asabar. Ko ba don bango ba, don ni."

Ran Asabar ta je. Wurin cike maƙil, wasu a tsaye suna jiran tebur. Tsohon ya yafito ta.

"'Yata, fitilar can sau biyu tana buge mini kai. Kujerun nan kuma ba majingina, mu tsofaffi fa?"

"Gaskiyarka, Baba. Ban yi tunaninku ba. Gobe zan gyara."

Ya dube ta da kyau.

"A ina gidanku yake? Ƙannena za su zo."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Suka durƙusa a gabansa, ya dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Amma ɗakina, 'yata, kar ki taɓa."