Zan Taho Miki da Magani

"Magani?!"

Suwaiba ta sake karanta saƙon mijinta Jibo a wayarta.

"Subhanallahi! Kada ki gaya wa Inna, hankalinta zai tashi. Zan taho miki da magani, kwana uku kin rabu da shi."

Shekara uku ke nan tana shan gorin haihuwa wajen dangin Jibo, waɗanda tun farko ba su so ya auro 'yar Bungudu ba. Watan jiya ma ɗoki ya sa ta yi gwaji tun lokacin al'adarta bai yi ba, layi ɗaya ya fito, ta wuni tana kuka. Wannan karon ta danne zuciyarta sai da ta yi ɓatan wata da kwana tara. Da asuba ta ɗiga fitsarin farko a 'yar farar robar gwajin ciki, ta tsuguna tana kallo...

Layi biyu, jajaye raɗau!

Ta ɗauki hoto ta tura masa ko kalma ba ta rubuta ba, don a ganinta abin ya wuce bayani. Shi ne gogan naka, yana can tashar Gusau yana lodin fasinjojin Tsafe a motarsa, ya aiko mata da wannan amsa.

Asabe, ƙanwar Jibo, wadda ba a raba ta da leƙen wayar mutane, ta karanta ta bayan kafaɗarta, ta taɓe baki.

"Ni dai na sha hwaɗa miki. Yaya bai shirya haɗa zuri'a da ku ba."

Suwaiba ta kife wayar. Ashe duk daɗin bakin nan na "Allah zai kawo, Subai tawa" ƙarya ne? Ta zari hijabi, ta hau motar Bungudu.

Bayan la'asar Jibo ya faɗo gidan iyayenta afujajan, da baƙar leda a hannu.

"Subai, mi ya yi zahi? Ba ki da lahiya kuma ki kama hanya?"

"Kada ka matso ni!"

"Haba masoyiyata, ga magan..."

"Wallahi ba ni sha! Ko za ka yanka ni ba ni sha! Shekara ukku ina roƙon Allah, yau ya ba ni, kai kuma ka ce kwana ukku in rabu da shi? Azzalumi! Ba ni takardata, ni na iya rainon abina!"

Ta fizge ledar ta maka da ƙasa. Kwali ya yi tsalle ya faɗi a gabanta, da hoton ƙaton sauro a jikinsa.

Ta dubi sauron. Ta dubi Jibo.

"Wanga... na mine ne?"

"Na masassara mana! Ba layi biyu ya hito ba? Haka ya hito mini da mai kemis na tasha ya soki yatsana ya ɗiga jini a irin robar nan."

"Masassara?! Jibo, ciki gare ni! Ciki!"

Ƙato guda, direban da ke daka wa kowa tsawa a tasha, sai ga shi zaune daɓas a ƙasa, hula ta karkace.

"Ciki... nawa? Namu?"

"A'a, na sauro!"

Ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suna rawa. Kuka yake yi, kuka na gaske, har da shessheƙa. Suwaiba ta so ta ci gaba da fushinta, don ba ta gama ba, amma zuciyar ta ƙi ba ta haɗin kai. Ta durƙusa a gabansa.

"Saura ƙiris in tsane ka har abada."

"Ki yahe mini, Subai tawa... wallahi ban sani ba."

"Na yahe. Amma gobe da sahe kai za ka kai ni asibiti." Ta share hawayenta da gefen hijabi, ta harare shi. "Kuma Asabe, da bakinka za ka hwaɗa mata, ina tsaye ina kallon huskarta."