Madubin da Baba Ma Ya Goge

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Pyo zuwa cibiyar binciken hasken leza ta ƙasa. An sace babban madubin da ke tara hasken wuri guda. Ranar Alhamis masana daga ƙasashe bakwai za su iso a harba hasken a gabansu. In babu madubi, aikin ya koma wata ƙasa.

Sai da aka sa wa Sufeto farar riga da hula ya shiga ɗakin madubin, domin ko ƙwayar ƙura ba a bari ta shiga. An kwance ƙusoshi takwas an jera su, an lulluɓe gurbin madubin da ƙyalle mai tsabta.

"Wannan ɓarawo yana da ladabi," in ji Sufeto. "Wa ke taɓa madubin?"

"Daga ni sai Baba Ma," in ji shugabar cibiyar, Dakta Yeom. "Shekara talatin yana goge mana madubai. Cire shi daga cikin waɗanda kake zargi."

A bango an rataye tabarau na kare ido. Ɗaya yana da tabon ƙuna a gefen hagu.

"Wani ya taɓa jin ciwo a nan?"

"Ko sau ɗaya," ta ce, tana kallon ƙasa.

Ya tarar da Baba Ma a ɗakin cin abinci, da shinkafa da miyar kabeji a gabansa.

"Baba, ina kake jiya?"

"Kabarin matata. Ko shi ma sai da izinin hukuma?"

"Kwana biyu ana ruwa, ga takalminka fes."

"Sana'ata gogewa ce, yaro."

Sufeto ya ɗauki butar shayi da hannu biyu ya zuba masa. A al'adar ƙasar mutum ba ya zuba wa kansa, dole tsohon ya rama. Ya ɗaga butar, ya tsiyaya. Shayin ya sauka a gefen kofi, ya malale kan tebur.

Sufeto ya dubi idon tsohon.

"Tun yaushe idon hagun ya daina gani?"

"Wata huɗu. Hasken ya ɓulle ta inda ba a zata ba. Dakta ta sani. Da an kai rahoto, da an rufe ɗakin, baƙi su fasa zuwa. Ni na ce ta yi shiru."

"Madubin fa?"

"Ranar Juma'a hannuna ya kuskure, na karce shi. In aka harba haske a kansa, tarwatsewa zai yi a gaban duniya. Na ce in gyara abina kafin kowa ya gani. Ni na ɗauka. Rubuta."

A gidan tsohon suka sami madubin, naɗe cikin bargo. Baba Ma ya durƙusa ya yaye bargon, ya kusantar da fuskarsa, ya ja da baya, ya sake kusantarwa.

"Kwana biyu ina gogewa. Duba mini, Sufeto. Tabon ya fita?"

Sufeto ya duba. Abin da ya fara kamar silin gashi ya zama dusu-dusu, faɗin tafin hannu.

"Bai fita ba, Baba."

Tsohon ya mayar da bargon a hankali, ya miƙa hannuwansa biyu. Sufeto bai ciro ankwa ba. Ya koma gefensa na hagu, ya riƙe masa gwiwar hannu, suka sauka matakala.