Saura Maki Bakwai

Walida ta shigo falo ta yar da jaka, ko kallon shinkafar da Anti Turai, matar yayanta, ta sayo mata daga mamak, wato shagon abinci, ba ta yi ba. Tunda ta zo unguwar Sri Petaling a Malesiya, gidan yayanta Zahraddeen take ramewa, wallahi har ta ba ni tausayi.

"Nawa kika ci?" Yaya ya tambaya.

"Arba'in da uku. Saura bakwai in haye."

"Ke da kika zo da A1 a lissafi?!"

Wane A1! Ranar jarrabawar gama sakandare malami ne ya cika allo da amsa, suka kwafe tsaf. Alhaji, mahaifinta, ya yanka rago, ya ce 'yarsa sai pharmacy a Malesiya. Yanzu ga calculus ya tsare ta, ba allo, ba malami.

Yaya ya kira Muttaka, saurayinta da aka riga aka yi musu baiko, ya zo gidan. Yana PhD ne, shi ke duba takardun 'yan ajinsu.

"Ba ka kai sakamakon ofis ba tukuna. Ƙara mata bakwai kawai mana."

Muttaka ya sunkuyar da kai. "Yaya, ka yi haƙuri. Zan koya mata tun daga farko, amma ba zan rubuta abin da ba ta ci ba."

"Au, haka ne? To ka manta da ita! Yau zan gaya wa Alhaji a mayar muku da kayanku."

Walida ta fashe da kuka. "Bakwai fa, Muttaka! Son da kake min bai kai bakwai ba?"

Ya fita jiki a sanyaye, ita kuwa ta daina ɗaga wayarsa.

Ana cikin wannan zaman doya da manja, zazzaɓi ya kama Datti, jaririn Anti Turai. An ba su maganin da ake aunawa gwargwadon nauyin yaro. Anti ta miƙa mata kwalbar.

"Pharmacist ɗinmu, kilo takwas da rabi ne. Nawa zan ba shi?"

Walida ta lissafa, ta goge, ta sake. Amsa biyu ta samu, ɗaya ta ninka ɗaya. Ga yaro yana kuka, jikinsa zau.

"Anti, ban sani ba. Wallahi ban sani ba! Ki kira asibiti."

Bayan yaron ya samu sauƙi, da kanta ta kira Kano.

"Baba, A1 ɗin nan ba tawa ba ce. Zan koma foundation, ajin share fage. Kuma kada a mayar da kayan Muttaka, shi kaɗai ya gaya min gaskiya."

Alhaji ya kashe waya. Ya yi watanni ba ya amsa gaisuwarta.

Shekara guda ta yi a aji ɗaya da ƙananan yara, tana fama da fraction, Muttaka na koya mata a falo, Yaya na wucewa yana tsaki. Ta gaji, ta yi kuka, ta ci gaba. Wani malami daban ya duba takardarta: C.

Alhaji ya yi ajiyar zuciya a waya. "Wannan taki ce?"

"Tawa ce, Baba."

"To a sa rana."

'Yan'uwa, makin da aka ba ka kyauta ba ya auna magani. Wanda ya ƙi yi miki ƙarya yau, ki riƙe shi, shi ne mai sonki.